Kujerar Keken Malam Sada

Ku da kuke zama bisa bencin nan bayan la'asar kuna kallon hannuna, na ji abin da kuke cewa. Wai gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo, wanda ya kwana biyu a rumfa ma zai iya. Ban yi musu da ku ba, faci da famfo kam kowa zai iya. Amma tunda yau ruwa ya hana mutane fitowa, ku matso in ba ku labarin wata kujera, sai ku gaya mini in ita ma faci ce.

Aikin farko da maigidana Baba Nalado ya yarda na taɓa a Faskari ɗaga sirdi ne. Wani dogon mutum mai tallar manja ya kawo kekensa, ya ce gwiwa na damunsa. Na dube shi, na dubi keken, na kwance noti na ja sirdin sama, na ɗaure. A ganina na gama. Baba Nalado ya dubi sirdin. Ya ce wa mutumin ya hau ya kai gindin kuka ya dawo, ni kuma ya sa na tsuguna a tsakiyar hanya.

Da mutumin ya dawo ya ce, "Rabe, mi ka gani?"

Na ce, "Na ga ya tahi ya dawo, Baba."

Ya ce, "To ba ka ga komi ba. Malam, ƙara zuwa."

Haka mai manja ya yi ta kai da kawowa har ya fara ƙunƙuni. Can na lura ƙugunsa na lilo hagu da dama, yana miƙa yatsun ƙafa yana neman feda. Na ɗaga sirdin ya wuce kima. Da ya tafi a haka, da gwiwar ta huta baya ya ɗauka. Baba Nalado ya karɓi sufanar ya sauke shi kamar faɗin yatsa biyu, ya ce, "Keke ƙarhe ne, ba shi jin ciwo. Wanda ke bisa shi ne aikinka."

Akwatinsa ba wani abin kallo ba ne. Sufana manya da ƙanana, filaya, ƙaramar guduma, zarton ƙarfe, ƙarfen cire taya da ya sa maƙeri ya buga masa, gwangwanin giris, da 'ya'yan boris na cikin gindin taya a kwalbar magani. Ba ya awo da tef. Igiya yake yankowa, ya ɗora daga ƙugun mutum zuwa diddige ya ƙulla, daga kafaɗa zuwa tafin hannu ya ƙulla. Kowane mai zuwa a kai a kai yana da igiyarsa rataye a ƙusa. Da na buɗe tawa rumfar a nan Ƙanƙara, wannan na taho da shi. Ranar kasuwar Yankara kuma in ɗaure akwatin a kariyar kekena in je in shimfiɗa buhu a gindin ɗorawa.

A Yankara na fara taɓa keken guragu, mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Shi ba sirdi gare shi ba, kujera ce mai majingina, feda kuma tana gaban ƙirji, sarƙa na sauka daga nan zuwa ƙafar gaba. Mai keke mai ƙafa biyu in sirdi ya dame shi sai ya miƙe bisa feda, ko ya sauka ya tura. Wannan babu inda za shi. Inda ka zaunar da shi nan zai wuni. In ka kuskure, ba ciwon gwiwa zai kawo maka ba, gyambo zai kawo, irin wanda ke cin nama har ƙashi.

Malam Sada mai zuma a bayan a-kori-kura aka kawo mini shi, shi da kekensa. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Yankara, ta hanyar Sabuwa. Sana'arsa ɗaura amya bisa itatuwa. Wata rana reshen kaɗanya ya karye da shi, tun daga ranar daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba. Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ba. Da aka shimfiɗe shi bisa tabarma don in yi awo, ƙafafunsa suka wuce tabarmar, igiyata ta gaza, sai da na yi mata ƙari. Keken kuwa sadakarsa aka ba shi, an ƙera shi don matsakaicin mutum. In an ɗora shi sai gwiwoyinsa su taso har haɓa, feda na bugunsu duk juyi. Ya ɗaga wando ya nuna mini, fatar duk ta saɓule.

Ya ce, "Ni ban jin shi, Malam Rabe. Sai na ga ƙuda sun taru nike sanin an yi ɓarna. Kai za ka ji mani."

Wanda bai sani ba zai ce ai sai a ja kujerar baya, shi ke nan. To, ja mana. In kujera ta wuce sandar ƙafafun baya, da ya hau ɗan tudu keken zai tashi sama ya kifar da shi ta ƙeya. In kuma nauyi ya bar ƙafar gaba, wadda ita ke ja, sai ta yi ta juyi cikin yashi tana tona rami, keke na tsaye. Don haka sai da na yanke gangar jikin keken gida biyu, na kai wa mai walda ya yi mata ƙari da bututun ƙarfe, muka mai da ƙafafun baya can baya. Na karkato da sandar feda wajen ƙirjinsa, na haɗa sarƙa biyu ta zama ɗaya. Matakin ƙafa na miƙe shi gaba na naɗe shi da tsohuwar roba, na sa masa ɗamara don kada diddige ya zame ya ja ƙasa bai sani ba. Majingina na kwantar da ita kaɗan don nauyi ya rabu, kada ya taru wuri guda. A ƙarshe na ɗora kujerar bisa ƙarfe biyu da na yi wa jerin huda, yadda za a iya matso da ita ko a matsar ba sai an koma wajen walda ba.

Kasuwa bayan kasuwa muna gwaji. Ya hau ya zagaya, in sa hannu ƙarƙashin cinyarsa in ji inda ya matse, in sake huda. Ranar da kujerar ta zauna daidai, ya jingina, ya miƙe ƙafafu, ya lumshe ido, ya ce tun da ya faɗo bai miƙe haka ba sai a kwance. Daga nan duk ranar kasuwa za ka hango shi tafe bisa titi, rabi zaune rabi kishingiɗe, hannuwa na juyawa, kwalaben zumar da ƙannensa ke ɗebo masa suna ƙara cikin ɗan akwatin da na yi masa ƙarƙashin kujera. Kusa da ni yake kasa kayansa. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce da can shi ke kallon tsakiyar kan mutane, yanzu Allah ya sauko da shi ya ga fuskokinsu.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda aka rufe kasuwanni aka yanke layin waya, aka hana sai da fetur a jarka. Ku kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Babura suka kwanta, mutane suka jawo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu, masu tsatsa, tayoyi sun bushe sun tsage. Aiki ya yi mini yawa, kayan gyara babu. Na yi faci bisa faci har ba a gane asalin robar. Mutanen ƙauye suka dinga shigowa gari da katifa da tukwane ɗaure bisa keke. Wasu sun kawo gyara sun ce za su koma su kwaso abinci su dawo, kekunan na nan jingine bayan rumfa har yau.

Cikin masu shigowa har da matar Malam Sada, Malama Ramatu. Ban santa ba, ita ta nemo rumfata. Ta tsaya daga gefe ta gaishe ni, ta ce ko Malam ya biyo ta nan. Ta ce da safe 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu, jama'a suka bi ta fadama, hanyar ƙafa ce mai yashi, keke mai ƙafa uku ba ya bin ta. Ya ce mata ta bi mutane, shi zai bi titi, su haɗu a Yankara. Ta jira a Yankara har aka kwashe su zuwa nan. Ba shi, ba keken, ba wanda ya ce ya gani.

Na ce ban gan shi ba. Ta ce, "To in keken ya lalace wurinka za shi kawo. Ba ya yarda kowa ya taɓa mashi."

Ta sauka gidan danginta. Bayan 'yan kwanaki sai ta zo ta tsaya a gefen nan, inda wancan galan yake, ta gaishe ni. Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Ta ɗan tsaya ta tafi. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Haka damina ta wuce, aka yi girbin da aka samu yi.

Da aka buɗe kasuwanni, aka shiga ɗan lokacin nan da ake cewa an yi sulhu, mutanen daji suka fara shigowa Yankara cefane. Ba sa zuwa da bindiga a fili, amma kowa ya san su. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ina sunkuye ina gyaran birki, sai na ji hayaniyar gefenmu ta ɗauke. Mai rake ya daina kiran ciniki. Na ɗago. Wani saurayi ne, ya naɗe fuska da rawani sai idanu, yana turo keken Malam Sada babu kowa a kai. Tun daga nesa na gane waldata.

Ya tsayar da shi gabana ya ce, "Baba, kai ka yi wanga aiki?"

Na ce ni ne.

"Mai shi ya ce a ja mashi kujera baya."

Na ce, "Shina lahiya?"

Ya ce, "Shina nan."

Na buɗe baki zan ƙara tambaya, ya zuba mini ido har na sunkuyar da kai. Ya ce zai zaga kasuwa ya dawo.

Na duba keken tun daga gaba har baya. An cusa tsumma cikin tayoyi maimakon iska. An shafa wa sarƙa man shanu. Mariƙin feda yana ƙyalli, alamar hannu na kai kullum. Akwatin ƙasa har lokacin yana ƙanshin zuma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum ba ya ƙara tsawo bayan furfura, igiyarsa kuma tana cikin akwatina, na auna, kujerar na nan inda ya kamata. Sai na ce a raina gyambon zama ne ya kama shi a daji, yana neman ya kishingiɗa ya rage wa mazaunai nauyi. Na ja ta huda guda, na kwantar da majingina kaɗan, na biyo da sandar feda, na sa masa sababbin robobi a tayoyi. Saurayin ya dawo ya tura abinsa, mutane na darewa suna ba shi hanya.

Da yamma na je na gaya wa Malama Ramatu. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa, ta yi ta hamdala. Ta ce tun da ya aiko gyara, to yana da rai, yana kuma da bakin magana a wurinsu. Ta nemo audugar rimi ta ɗinka matashi mai laushi, ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta kawo mini ta ce in ajiye ko za a sake dawowa.

Aka kuwa dawo, bayan 'yan makonni. Saurayin nan dai, da rana tsaka, da magana iri ɗaya: a ƙara ja baya. Na ƙara. Na ɗaura matashin bisa majingina, na sa ƙunshin cikin akwatin ƙasa. Ya ga ina sawa, bai hana ba, bai tambaya ba. Zuwa na uku akwatin babu komai, matashin kuma ya lotsa. Malama Ramatu ta ce ya ci, ya gane hannunta. Har ta fara kiwon kaza, wai ranar da zai dawo.

A zuwa na ukun nan huda ta ƙare. Na nuna wa saurayin, na ce babu sauran wuri sai an yi ƙarin ƙarfe an sake matsar da ƙafafun baya, kuma walda sai Ƙanƙara. Ya ce in tafi da keken in kawo kasuwa mai zuwa. Na ɗora shi a mota na kawo nan. Ina kwance matakin ƙafa sai na ga robar da na naɗa ta goge a gefen hagu, irin gugar diddigen da ke motsi. Ƙafar Malam Sada ba ta motsi. Na daɗe ina kallon wurin. Na ce wataƙila Allah ya kawo masa ɗan sauƙi, ai ba abin mamaki ba ne a wurin Allah. Na ci gaba da aikina.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, wani mutum ya shigo rumfar nan da keken ɗansa. Ramamme, wuya kamar zai tsinke. Sai da ya yi magana na gane Lawal ne, maƙwabcin Malam Sada, wanda ke rako shi kasuwa wani lokaci. Na ji an ce yana cikin waɗanda mutanen daji suka kwashe, ban ji an sako shi ba. Muna cikin gaisawa idonsa ya faɗa kan mai ƙafa ukun, wanda na ɗora bisa bulo. Ya saki keken hannunsa ya faɗi. Ya ja da baya har ya bugi ginshiƙi.

Ya ce, "Mi wanga abu ke yi nan?"

Na ce, "Malam Sada ya aiko a gyara mashi."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Malam Rabe, da hannuna na haƙa mashi kabari."

Na kawo masa ruwa, ya sha, ya ba ni labari. Ranar da aka shiga ƙauyen, an kora su su da yawa za a shiga daji, sai suka cim ma Malam Sada bisa titi yana ta tuƙi. Mutanen dajin suka ce ya sauka ya bi sahu. Ya ce su duba ƙafafunsa. Keken suke so, shi ba su da abin yi da shi. Lawal bai faɗi yadda aka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce dai wani dattijo cikin waɗanda aka kama ya roƙa aka bar su suka rufe shi a bakin gona, da fartanyar da suka tsinta. Sun haƙa, ya ƙi shiga, sai da suka ƙara tsawon ramin. Keken kuwa yayan shugabansu aka kai wa, wanda harsashi ya sama a baya, ƙafa ɗaya ta mutu, ɗaya na ɗan motsi. Shi ma dogo ne, in ji Lawal, kusan tsawonsu guda.

Na tuna duk zuwan da saurayin ya yi bai taɓa kama suna ba. Mai shi kawai yake cewa.

Lawal ya matso ya rage murya. Ya ce sansaninsu bisa tudu yake, akwai gangara mai duwatsu zuwa rafi. Ya ce, "Ka ɗan ci waldar da zarto ka shahe da baƙin mai. Ko ka sassauta birki. Wa za ya sani?"

Na ce, "Su za su sani. Sun san hannun da ya taɓa shi, sun san kasuwar da yake zama."

Ya ce, "Watau gyara mashi za ka yi, ya ji daɗin zama."

 Na wuni zarton na gefena. Ba zan ce muku ban dube shi ba. Amma Yankara ba ni kaɗai ke cinta ba, akwai mai rake, akwai mata masu nono. Kuma tun da na kama sufana ban taɓa sallamar keke da aibin da na sa masa da gangan ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na gama aikin yadda ake gama aiki. Lawal ya ce ni da Allah.

Tare muka je wurin Malama Ramatu, don ni kaɗai ba zan iya ba. Muka same ta a zaure ta riga ta ƙulla wani ƙuli-ƙulin za ta kawo mini. Lawal ya faɗa mata. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ajiye ƙunshin a ƙasa a hankali.

Ta ce, "An yi mashi sallah?"

Ya ce, "Mun yi, mu da muka haƙa."

"Kun dubar da shi gabas?"

"Mun dubar."

Ta ce Alhamdu lillahi. Na ce mata matashin na nan, in ciro mata? Ta ce wanda ya jingina da shi ya riga ya jingina, ba ta son ta ƙara ganinsa. Malamai sun gaya mata kwanakin takaba sun riga sun wuce tun tana jira. Ta ce ta ji, amma za ta zauna nata.

Ranar kasuwa na kai keken na ajiye gindin ɗorawa. Yanzu kujerar ta kwanta sosai, ta koma can ƙarshe, abin ba kyan gani. Saurayin ya zo da rana tsaka kamar kullum, sai dai wannan karon bai kama keken ba. Ya tsaya nesa da shi, ya zagayo ta bayana. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa.

Ya ce, "Baba, nan ne ƙarshe?"

Na ce, "Nan ne. In na ƙara, ya zama gado."

Sai ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba, ya sauke rawanin daga bakinsa. Ashe yaro ne ƙarami, gemu bai gama fito masa ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Kujerar ba ta yi. Mai hawan ya ce ko ina aka kai ta, in ya zauna bisa cinyar mutum yake zama. Shina jin numhwashi a ƙeyarshi. Shi ya sa yake cewa a ja baya, wai ko ya wuce shi. Mun sake soso, mun yi hayaƙi, an kawo malami ya yi rubutu an yayyahwa. Da an ɗora shi sai ya kama ihu a sauke shi."

Na dubi kujerar.

Ya ce, "Ya ce a mai da wa mai shi."

Na ce, "Ina zan same shi?"

 Ya tsinci tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Baba, mai keken nan, shina da ɗan gemu hwari, da tabo nan bisa gira?"

Malam Sada na da tabo bisa girar dama, tun faɗowarsa daga kaɗanya. Na ce, "Ai kun gan shi."

Ya ce, "Ni ban wurin ranar. Shi kuwa yana kwance a sansani, bai taɓa sa shi a ido ba. Amma haka yake hwaɗin kamarshi."

Ya miƙe ya mai da rawaninsa ya shige cikin kasuwa. Ban ƙara ganinsa ba.

Ni ƙarfe na sani. Na san zazzaɓin rauni na sa mutum ya ga abin da babu, na san kuma wani cikinsu zai iya kwatanta masa mutumin ya manta ya ji. Duk na faɗa wa kaina wannan a mota, ina riƙe da keken kada ya gangara. Da na iso na ciro matashin na ƙona, na sake soso da shimfiɗa sababbi, na mai da kujerar hudarta ta asali, na tura shi cikin shagon ajiya na rufe.

Da Malama Ramatu ta fita takaba ta aiko a gaya mini in ba da keken sadaka, ladan ya je wa Malam. Sai dai ba kowa zai iya hawansa ba, gajere hannunsa ba zai kai feda ba. Waɗanda suka ji labarin kuma ko kyauta ba sa so. Ya daɗe a rufe. Sai cikin damina aka kwatanta mini wani Malam Iro a Mabai, mai ɗinkin hula, wanda shan inna ya nakasa tun yana ƙarami, dogo ne shi ma, da hannu yake rarrafe. Na aika aka ɗauko shi.

Da safe suka iso, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi kamar yau. Na buɗe shagon na turo keken, ƙarfen har yana cizon hannu don sanyi. Na yi niyyar sai ya gwada na ga ko ya yi masa, sannan in gaya masa tarihinsa, in ya so ya ɗauka, in ya so ya bari. Muka ɗaga shi muka zaunar. Ya jingina, ya miƙe ƙafafu, na ɗaure ɗamara. Ya kama feda ya juya, ya fita titi, ya kai wajen masallacin can ya juyo. Na tsuguna ina kallon kafaɗarsa da gwiwar hannunsa. Babu abin gyarawa.

Na ce, "Malam Iro, ina ya matse?"

Ya ce, "Kada ka taɓa komi. Kamar don ni aka yi." Ya ɗan gyara zama, ya shafa majinginar ta bayansa, ya ce, "Sai dai wa ya gwada kahin ni? Da ɗuminta na same ta."

Na jawo benci na zauna kusa da shi, na ba shi labarin tun daga kaɗanya har zuwa saurayi mai rawani, ban rage komai ba. Waɗanda suka kawo shi suka fara salati, ɗaya ya ce a sauke shi su tafi. Shi bai motsa ba. Hannuwansa na bisa feda, kamar mai sauraren wani abu. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Malam Sada addu'a, muka shafa.

Ya ce, "To, ni dai bai ture ni ba."

Ya ce wa mutanensa su tafi da motarsu, shi zai biyo su a hankali. Ya juya kan keken ya kama hanyar Mabai.